Yadda Ɗan Kokowa Zai Huta da Damina, Irin na Rabo

Idan kai ɗan kokowa ne, ruwa ya sauka, an rufe fage sai bayan kaka, to kwantar da hankalinka. Bi tsarin Rabo na Korgom, wanda bara ya kayar da duk wani mai faɗin ƙirji a ƙasar Tasawa, na yi maka alkawari ba za ka zubar da ɗigon gumi ba. Burin Rabo ɗaya ne: idan an zo tace 'yan kokowa a Tasawa, ya sake shiga cikin waɗanda za a kai Maradi.

1. Zaɓi inuwa

Ban da gindin gawo. Da damina ganyensa zubewa yake, rana za ta kora ka gona ba shiri. Rabo gindin bedi ya zaɓa, wato darbejiya, na kusa da mai tsire. Duk wanda ya tambaye shi me yake yi a kwance, sai ya ce yana "repo". Riƙe kalmar nan da kyau. Mutanenmu na gardama da hutu, amma da sun ji Faransanci sai su yi shiru.

2. Samo mai yi maka noma

Ba a yi hannun zakara don cire ciyawa ba. Allah ya rufa wa Rabo asiri, yana da ƙanwa Hafiza, kuma wani saurayi, Tanna daga Kona, yana neman aurenta, ita ma tana so. Al'ada ta ce mai neman aure ya taya surukai noma. Rabo bai taɓa girmama al'ada kamar bana ba. Tanna ya yi noman fari, ya yi maimai, ya tsallaka gonar wake, kullum da hauya cikin rairayi tun safe har la'asar. Kafaɗunsa suka fara cika riga. Rabo ya hango shi daga bayan kabu-kabu, tausayi ya kama shi, ya ce yaron nan yana ɓata jikinsa.

3. Ci

Fura da safe, fura da rana, tsire a tsakani. Masu cewa ka riƙa gudu da sassafe 'yan hassada ne. Idan ɗamarar layunka ta ƙi haɗuwa, ba kai ka ƙaru ba, fata ce ta ji ruwa. A kai wa baduku ya ƙara mata tsawo.

4. Yi atisaye, amma da mai ladabi

Kada ka ce na hana ka motsa jiki. Da yamma, da Tanna ya ajiye hauya, Rabo kan kira shi su gwada a bakin gari. To wa zai kayar da yayan budurwarsa a gaban jama'a? Da Rabo ya dafa kafaɗarsa sai Tanna ya zube, ya tashi yana kakkaɓe wando yana yabon ƙarfin Yaya. Wata rana ma ya faɗi tun ba a taɓa shi ba. Daɗi ya kashe Rabo, har ya aika wa makaɗinsa a ƙara a cikin kirari cewa bana iskarsa ma kayarwa take.

5. Je biki, kada ka yi tunani

Aka girbe gero, rumbu ya cika da gumin Tanna, aka ɗaura masa aure da Hafiza, arme in ji mutanenmu. Rabo ya sha rawa, ya ci nama. Babu wanda ya gaya masa wani abu ya canza, kai ma kada ka tambaya.

6. Shiga fage da ƙarfin zuciya

Ranar tacewa, ganga na tashi a Tasawa, ƙuri'a ta haɗa Rabo da ɗan kokowar da mutanen Kona suka tsayar, wato Tanna. Rabo ya yi dariya, ya ce wa alƙalin wasa kada ya yi nisa, yanzu za a gama. Ya dafa kafaɗar nan kamar kullum, ya jira. Sai ka ce turmi ya dafa. Ya ƙara turawa, numfashinsa ya fara fita da ƙara. Can ya ji ƙafafunsa sun rabu da ƙasa, ya ga sararin sama, ya ji rairayi a gadon bayansa. A hankali ma aka ajiye shi, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Tanna ya durƙusa kusa da kansa cikin ladabi, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ka yi man gahwara. Ai an ɗaura armen."

Tanna aka kai Maradi.

Tsame hannu

Wanda ya bi waɗannan matakai ya sha ƙasa, shi ya jiyo. Babu ruwan mai wannan rubutu da ciwon ƙugu, ko dariyar matan unguwa, ko makaɗin da ya daina gaisuwa. Tsarin yana aiki ne muddin akwai sauran ƙanwa a gida. Wanda guda ɗaya gare shi, kamar Rabo, sai ya wasa hauyarsa kafin ruwa ya sauka.