Rasuwar Shamakin da Ya Raba Ni da Yaya Masae

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da goshi mai ƙulu, ni Tokie Hamaguchi ta garin Matsue a ƙasar Japan nake sanar da rasuwar shamakin ɗakinmu, na takarda mai naɗi shida, wanda ya cika ranar Talata yana da shekara tamanin da uku.

Marigayin ya shigo gidanmu cikin kayan auren mahaifiyarmu. A jikinsa an zana gauraka biyu, alamar rai shekara dubu, alkawarin da bai cika ko ushirinsa ba. Akwai agwagi mata da miji, alamar zaman lafiya, da wani ƙaton furen botan, alamar arziki, wanda har yau muna jira.

Babban aikinsa shi ne tsayuwa tsakanina da yayata Masae. Shekara goma sha ɗaya ba mu ce wa juna uffan ba, tun rigimar da muka yi kan wadda ta ƙona shinkafa ranar sabuwar shekara. Ɗaki ɗaya gare mu. Shi ya sha munsharinta da tsakina, bai taɓa kai tsegumi ba. Iyakar maganarsa "ƙiii" in an buɗe shi, "fap" in an rufe.

Ciwon ajali ya fara da damina. Raɓa ta kama shi, wuyan gauraka ɗaya ya ɓare, namijin agwagwa ya yi funfuna. Ranar Talata na jingina da shi don in ji da wa Yaya take waya. Ya ce "ɓarrr". Kaina ya ɓullo ta tsakiyar furen arziki.

Yaya ta ajiye waya, ta daɗe tana dubana.

"Ke Tokie, haka kika tsufa?"

"Kin ga naki wuyan kuwa, Yaya?"

"Fito da kanki daga kayan Inna. Shayi zai huce."

Ya bar agwagwa mace ɗaya cikin takaba, da gauraka ɗaya da rabi, da tsofaffi biyu da ba su san inda za su ajiye idanunsu ba.

Za a ƙona shi a haikalin unguwa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, malamin haikali ya yarda zai yi addu'a. Masu ta'aziyya kada su kawo furanni, marigayin ya tafi da nasa. Kada kuma kowa ya kawo mana sabon shamaki. Gawar ta fi ƙarfin mutum ɗaya: ni zan riƙe gaba, Yaya ta riƙe baya. Ta ce in na yi sauri za ta saki.