Jar Jita Mai Muryar Aro

"In ka bar kiɗa ka zauna a gida, to ni zan fara fita. Ba zan iya da kai daga safe har yamma ba."

Muryar kakarsa ce ta ratso bango. Bangon da ya raba ɗakinsa da na kakanninsa ba ya riƙe sirri, ko tari aka yi sai ya isar da saƙo. Saurayin ya dakatar da bidiyon da yake gyarawa, ya kasa kunne.

"Ba zaman nake so ba," in ji kakansa. "Jiya a wurin gwaji mai ganga sai juyowa yake yana kallona, yaron da aka haifa ina kan dandali. Shugaban ƙungiya kuwa bai ce uffan ba. Da ma zagina ya yi."

"To jitar ce ba ta da kyau."

"Kar ki ɗora wa jita laifi. Jikanki ya kaɗa irinta a bidiyo, duniya ta ji, murya kamar ana tsiyaya zuma. A hannuna kuwa sai tari take. Hannun ne ya mutu. Da yamma zan je in ce su nemi wani."

Saurayin ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a ƙeya. Ya juya ya dubi kusurwar ɗakin, inda tsohuwar jitar bes take jingine, mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, fentinta ya goge daidai inda hannu ke kwanciya. Ita kakan ya kaɗa tun kafin a haifi uban saurayin. Ita kuma ya ba shi kyauta ranar da ya fara sharhin kayan kiɗa a intanet, shi kuwa tsohon ya koma lallaɓa jitar ƙungiyarsu mai nauyin tsiya.

Sharhin ya karɓe shi. Mai kantin kayan kiɗa yakan aiko masa da sabon kaya, ya gwada a gaban kyamara, ya yaba, ya mayar. Da aka aiko wata jar jita, kyakkyawa, mara nauyi, yana taɓa babbar tsirkiyar ta fara ziza kamar ƙuda a kwalba. Ya ce wa kansa laifin makirfo ne. Ya sake ce wa kansa wannan ɗayar ce aka yi rashin sa'a. Sannan ya ɗauki kansa a kyamara rungume da ja, ya koma ya kaɗa kiɗan da tsohuwar, ya ɗora muryar wannan a kan fuskar waccan. Haɗin ya yi kyau har ya yaba wa kansa, kuma wannan yabon ne ya fi ci masa rai yanzu. Ranar da ya ga kwalin jar jita a ƙofar kakansa ya buɗe baki zai yi magana, sai tsohon ya ce, "A bakinka na ji ta," yana wani murmushi da saurayin bai taɓa samu daga gare shi a kan wani aiki ba. Sai ya mayar da bakin ya rufe.

Aka turo ƙofa ba jiran izini. Tsohon ya shigo riƙe da jar jitar ta wuya, kamar kazar da za a kai kasuwa.

"Ka tashi lafiya, ragon da azahar ke yi wa asuba?"

"Lafiya lau, tsohon da ya ƙi mutuwa ya bar mini matata. Ya haƙora? Sun kwana a baki ko a kofi?"

"Haƙorana nawa ne, kowanne na san tarihinsa. Matar taka kuwa tana can tana kuka, wai an haɗa ta da mai wuni yana hira da sandar kyamara."

"Sandar kyamarar ta fi ka jin magana."

"Ta fi ni haƙuri dai. Matsa in zauna. Wannan ɗaki ne ko shagon mai gyaran rediyo? Ko'ina igiyar wuta, mutum ya shigo da ƙafa biyu ya fita da ɗaya."

Ya ture wata fitila mai dogon wuya, ya zauna a bakin gado, ya kwantar da jitar a cinyarsa. Saurayin ya lura bai ɗora yatsunsa a kan tsirkiya ba. Da can ko tsintsiya aka miƙa masa sai ya kaɗa ta.

"Na kawo maka sadaka," in ji tsohon. "Na ƙoshi da kiɗa. Mutumin da in ya hau dandali sai masu otal sun sauke labule sun tare tagogi don kar gilashi ya zube, me ya rage masa?"

"Gilashin tsoro ya ji, ba daɗi ba."

"Akwai ranar da na saki babbar tsirkiya, agogon bangon zauren da ya shekara a tsaye ya kama aiki."

"So yake ya gaya maka lokacin tashi ya yi."

"To ga shi na tashi." Ya miƙo jitar. "Karɓa. Ta masu sabon jini ce."

Saurayin bai miƙa hannu ba. Zuciyarsa ta shiga lalube, ko akwai wata ƙofa da za su fita su biyu ba wanda ya ji kunya.

"Sifikarka ce, Kaka. Wannan akwatin naka ai ya girmi wutar lantarki."

"Na gwada ta shugaba. Sabuwa dal."

"To igiyar haɗi ce. Ɓeraye sun gane ta, suna yi mata kallon abinci."

"Na sayi wata."

"Ɗaurin tsirkiya fa? Idonka ai yanzu alƙalami da ƙusa duk ɗaya ne."

"Na kai wa mai gyara, ya ɗaure, ya sassauta, ya sake ɗaurewa." Tsohon ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. "Ka daina yi mini lauya, ɗan nema. Kullum kai ne kake ce mini na tsufa. Yau na yarda, sai kuma ka kama gardama?"

Ya buɗe tafukansa a kan jitar yana kallonsu kamar na wani. Yatsu ne masu kauri, kan kowanne ya yi kanta. Na tsakiya yana ɗan rawa, kaɗan, irin wadda saurayin ya san ta daɗe tana nan ba ta taɓa hana komai ba.

"Abu ɗaya za ka yi mini," in ji tsohon. "Kaɗa mini ita in ji da kunnena, ba ta waya ba. In ji yadda take a hannun mai rai."

"Ba a kallona kyauta. Ni ɗan kasuwa ne."

"Na biya tun kana tsumma. Rigunana nawa ka jiƙa?"

Ba yadda zai yi. Ya karɓa, ya haɗa ta da sifika, ya rataya. Ya san jitar nan fiye da yadda yake so. Ya san in ya tsaya a ƙananan tsirkiyoyi, can kusa da cikinta, ya taɓa a hankali, ba ta tona asirin kowa. Yatsunsa suka tafi can da kansu, tun kafin ya yanke shawara. Kiɗa ya fito sumul, siriri, mai tsafta.

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"Ka ji ko," ya ce. Ba da saurayin yake ba.

Ya dafa gwiwa zai miƙe. A wannan dafawar saurayin ya ga yammacin gaba ɗaya: tsohon zai sa rigarsa mai kyau, ya je ya tsaya gaban shugaba, ya yi barkwanci, ya fito, daga nan sai kujerar ƙofar gida. Shi kuwa ba abin da zai same shi. Mai kanti zai ci gaba da aike, masu kallo za su ci gaba da yabo. Ya tarar akwai wani ɓangare na ransa da ya riga ya fara jin sauƙi, kuma ganin wannan ɓangaren ne ya sa kunnuwansa suka ɗauki zafi.

"Zauna, ban gama ba. Kai ko a biki kafin a raba abinci kake gudu?"

Ya zame da hannu zuwa ƙarshen wuyan jitar, ya danne babbar tsirkiya, ya finciko ta da ƙarfi yadda ake yi a dandali. Jitar ta yi ziza, ta yi tari, muryar ta mutu a hanya. Ya sake. Ta sake. Ya bi wurare ɗaya bayan ɗaya, ko'ina ƙudan nan yana cikin kwalbarsa.

Tsohon ya koma ya zauna.

"Af. Kai ma hannun naka ya mutu? Ashe ciwon gado ne."

"A wurinka na ɗauka."

"Amma a bidiyo lafiyarka ƙalau."

"A bidiyo kowa lafiyarsa ƙalau."

Saurayin bai iya ɗaga ido ba. Ya sauke ja, ya je kusurwa ya ɗauko tsohuwar, ya haɗa, ya ɗora ta a cinyar kakansa. Sannan ya kunna bidiyon a kwamfuta ta babbar sifika. Ga shi nan a allo, ya sha gyaran gashi, rungume da jar jita, yana lumshe ido kamar mai addu'a.

"Bi shi," ya ce.

"In bi wannan mai kan kwakwar?"

"Bi shi dai."

Tsohon ya ɗora yatsu. Bugun farko ya fito daga ƙasa, mai kauri, ya bi ta ƙafar gado ya hau ƙirji. Ya bi kiɗan bidiyon, muryoyin biyu suka haɗu suka zama ɗaya, har ba a gane wadda ke fitowa daga allo da wadda ke fitowa daga cinya. Akwai wani ɗan gurnani da tsohuwar take yi in an saki tsirkiya ta biyu. Ta yi shi a ɗaki, ta yi shi a bidiyo, lokaci guda.

Tsohon ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin. Saurayin ya kashe bidiyon. 

"Ɓarawo," in ji tsohon a hankali. "Ka sa wa baƙuwa muryar 'yar gida."

"Aro na yi."

"Kuma ka bar ni na ɗauki ƙafa na je kanti."

Saurayin ya sunkuyar da kai. Ya tsaya yana murza igiyar haɗi a yatsa. Ya jira faɗa, ya ma ƙosa ya zo, amma da ya saci kallo sai ya ga tsohon ba shi yake kallo ba. Tsohuwar jitar yake shafawa, daidai inda fentin ya goge, kuma shi ma kansa a sunkuye yake.

"Rabin rayuwata na yi tana jikina," ya ce. "Na ji ta a waya, na ce ina ma tawa ce."

"Waya ba ta fitar da muryar bes, Kaka. Sifikarta ƙarama ce. Ko wanda ya ƙera ta ba zai gane ta a waya ba."

"Ka tabbata, ko wannan ma sharhi ne?"

"Wannan kyauta ne, ba wanda ya aiko ni."

Tsohon ya dube shi ta wutsiyar ido. Gefen bakinsa ya fara motsi.

"Wato kunnena lafiya, hannuna lafiya, jikana ne kawai ya lalace."

"Shi ma a wurinka ya ɗauka."

"Ni ƙaryata ta agogo ce, ba wanda ya taɓa zuwa kanti saboda ita."

Wannan ta shiga. Saurayin ya haɗiye ta, ya durƙusa ya zaro jakar tsohuwar jitar daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe ƙura.

"Tafi da ita gwaji."

"In karɓi kyautar da na yi? Ka mai da ni ƙaramin mutum? Kakarka ta ji ai na shiga uku."

"Wa ya ce mayarwa nake? Tawa ce, na ga wani tsoho yana yawo ba abin yi, na ji tausayinsa. Ka ce na gode."

"Allah ya kiyaye bakina."

"To bar ta."

Tsohon ya rungume jitar da hannu biyu kamar za a ƙwace. Sai dariya ta kufce masa, ta gaske wannan karon, har da tari da share ido. Saurayin ya taya shi, duk da tasa ba ta fita sosai ba.

"Na gode, ɓarawo. Jar kuma ka riƙe. Kun dace, ku biyun kyan hoto gare ku."

Ya saka tsohuwar a jaka, ya saɓa a kafaɗa, ya tsallake igiyoyin wuta ɗaya bayan ɗaya yana gunaguni. Ya kama marikin ƙofa, sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Ni dai da sauƙi, wanda ya cuce ni na san ɗakinsa. Sauran da suka ji a bakinka fa? Suna can suna zagin yatsunsu."