Yadda Ake Samun Mata a Goronyo da Yawon Bakin Tekun Faransa

Wannan hanya ba ta kuskure. Na gwada ta sau ɗaya a 1955, ta ci sau ɗaya, ke nan ba ta taɓa faɗuwa ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: En'e, wato hukumar gargajiya, ta tura ka karatu Ingila, ka yi hutun mako biyu cikin tanti a wani yanki na bakin tekun Faransa da ake kira Biretan, ka komo da hotuna, kuma akwai wadda kake so a gida. Tawa Habi ce, mai koyar da 'yan mata a elementare ta Rabah, inda ni ma nake koyarwa. Ita ta yarda tuni. Saura baffanta, Malam Zayyanu na Goronyo, manomin albasa, wanda aurenta ke hannunsa. Wani falke ma yana nema, yana da jakuna goma sha biyu. Kai kana da hotuna takwas. Kada ka karaya.

1. Fara da tanti

Ka zauna a zaure, ka gama gaisuwa, sannan ka miƙa hoton farko: kai da Turawa biyu tsugune gaban tanti, tukunya bisa risho. Inna Tani, matar Baffa, za ta sa a kai mata shi bayan zana. Daga can za ka ji muryarta.

"Wa yad ɗauko maka kayan?"

"Ni, Inna. A baya ake goya su."

"Girkin fa?"

"Ni."

"Di'o in za shi rangadi, mutum ashirin ka ɗaukar mai kaya, har da bahon wanka. Kai ci-rani kat tafi, ɗan nan. Faɗi gaskiya, ba abin kunya ba na."

Ka bayyana mata cewa masu hali ne ke yin haka, don nishaɗi. Za ta yi salati. Salati alama ce ta an fara burgewa.

2. Majami'ar cikin teku

Nan ne kowane baƙo ke zuwa. Dutse ne a tsakiyar ruwa, an gina gari a kansa, majami'a a ƙololuwa. Sau biyu a yini teku ke janyewa, ƙasa ta fito fili iyakar ganinka, mutane su taka da ƙafa. Ka yi ta bayanin tsayin ginin da shekarunsa. Baffa ba zai dubi ginin ba, ƙasan hoton zai sa wa yatsa.

"Ruwa ya janye, ga laka baƙa wuluk, ba wanda yas sa ko dankali?"

"Ruwan gishiri ne, Baffa. Kuma bayan awa shida yake komowa."

"To mi anka je kallo?"

Kada ka amsa. Mai ilimi yakan bar wata tambaya ta huce da kanta.

3. Duwatsun Karnak

Duwatsu ne wajen dubu uku, a tsaye, sahu-sahu, ba wanda ya san wanda ya kafa su ko dalilinsa. Na yi yini guda a cikinsu, ruwan sama na dukana, na kuma ji daɗi. Ka faɗi haka. Baffa zai ce gona ce ta wani rago da ya mutu bai share ba. Inna za ta ce aljanu ne suka jera su, ta tambaya ko ka yi addu'a kafin ka shiga, ko kuma tun daga ranar ne ka fara yawo da wando iya gwiwa.

Akwai hoton da kake cin kawa, wata irin dodon-koɗi ta teku, ɗanya, mai rai, daga cikin ɓawonta. Wannan ka bar shi a aljihu. Ni ban bari ba.

4. Roskof

Yanzu an fara duban ƙofa, ana maganar jakunan falke a gabanka. Lokacin babban makami ya yi. Roskof ƙaramin gari ne na masunta, yana da hasumiyar da ke haska wa jirage hanya. Hoton hasumiyar na ɗauka, amma a gefen hoton wani mutum ya shigo da keke, an rataya masa albasa kitse-kitse har ba a ganin ƙafa.

Baffa zai gyara zama. Zai kai hoton bakin ƙofa inda haske yake.

"Wagga albasa ta?"

"Ita ce, Baffa. Ja-ja ce, mai zaƙi. Har Ingila ake ƙetarawa da ita."

"Tana ajiyuwa?"

"Wata shida ba ta ruɓe ba."

Nan sai ka zaro ƙunshin irin da ka saya hannun wata tsohuwa a kasuwar garin, ka ajiye a gabansa da hannu biyu. A karon farko zai kira ka Malam Mainasara, ko dai sunan da aka raɗa maka. Inna za ta aiko da fura.

5. In an tambaye ka, ka sani

Zai tambayi watan da suke shukawa, da kwana nawa ake ba da ruwa, da irin ƙasar. Ba ka sani ba, hasumiya ka je kallo. Amma En'e ba ta kai ka Ingila don ka ce ba ka sani ba. Ka ce albasa albasa ce, yadda ake yi nan haka ake yi can. Da ya ce fangali nawa za a ba ta a fadama, ka ce duk na bakin gulbi, inda ƙasa ta fi kyau.

Habi za ta tare ka a ƙofar makaranta ranar Litinin.

"Malam, ka taɓa dasa albasa?"

"Na karanta."

"Ka koma ka ce mai a gwada fangali guda. Baffa bai da wata gona da ta kai wannan."

Ka yi mata murmushi irin na wanda ya ga teku.

6. Jira

An yi reno bayan damina, an dasa, ana ta jan jigo. Baffa ya ce za a sa rana in an cire albasa. Duk Asabar ka hau keke ka je dubiya. Ganye zai tashi kore shar, ya kai gwiwa, ya wuce na kowa. Mutanen Rimawa za su zo kallo. Falke zai daina zuwa zaure. Ka more waɗannan watanni da kyau.

7. Ranar cira

Maƙwabta sun cire tasu, kowace kamar dunƙulen hannu. Baffa zai tsuguna a gaban jama'a ya tumɓuke ta farko. Ƙasanta kamar ɗan yatsa. Ta biyu haka. Zai bi fangali arba'in yana cirewa. Babu kai ko ɗaya, lawashi ne zalla.

Dalilin yana cikin littafi, na same shi bayan mako uku: albasar can ba ta yin kai sai yini ya yi tsawo, irin na ƙasarsu da rana ke kaiwa ƙarfe tara ba ta faɗi ba. Ranar Goronyo ba ta da wannan lokaci. Kada ka kawo wannan bayani a bakin gulbi. A shekarar, Inna Tani ta daka lawashin nan gabu har sai da taɓarya ta tsage.

8. Karɓi matarka

Za a kira ka zaure, kai da kawunka. Ka sa babbar riga, ka shirya jin an ba falke. Baffa zai daɗe yana duban ka.

"Ku ba shi ita," in ji shi. "Habi na da hankali, ta ishe su su biyu. In munka bar shi gwauro, hutu na zuwa za shi koma Faransa, baɗi irin gero za shi kawo muna."

An ɗaura aure bayan sati biyu.

Gargaɗi

Na yi alkawarin mata, ban yi alkawarin mutunci ba. Wanda ya bi matakan nan ya rasa gona, ko suruki, ko sunansa na yanka a bakin yaran kasuwa, kada ya zo Rabah nemana. In ya zo ma ba zai same ni ba sai da izni: Baffa ya karɓe fasfo ɗina ya ba Habi ajiya.