Muryar Iya Hanne a Zauren Iyaye

"Lafiya lau, Maigida. Ka zo ganin wadda ka tona wa asiri ne?"

Haka Iya Hanne ta amsa gaisuwar jikanta Garzali, ba ta ko ɗago kai daga ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa ba. Maigida take ce masa saboda sunan mijinta marigayi ya ci, kuma tun yana rarrafe suke auren wasa, yau saki gobe biko. Yanzu shi ne malamin ajin da Fadima, 'yar ɗanta da take riƙo, take a firamaren nan ta Toranke. Shi ya kawo mata waya, shi ya sa ta a zauren iyaye na wasaf, inda yake tura aikin gida da sanarwar makaranta.

Jiya da la'asar abin ya faru. Garzali ya nemi iyaye su faɗi ko yara na karatu a gida. Iya ta danna wurin ɗaukar murya ta ce Fadima na yi, ta ajiye wayar kan tabarma, ba ta san ɗaukar ba ta tsaya ba. Iskar kaka na kaɗa ganyen darbejiya, dawa ta sunkuyar da kai a bayan danga, sai hira ta ɗauke ta da marigayin, kamar yadda ta saba in gida ya yi shiru. Ta tuna masa ranar da aka kawo ta daga Kademi, hanya duk ƙamshin sabon gero. Ta ba shi labarin yadda Fadima ke buɗe littafi ta karanta mata, ita kuwa sai gyaɗa kai take, don ba ta san ko daidai yarinyar ke faɗa ba. Har ta ce masa duk sanda takwaransa ya yi sallama a soro, gabanta kan faɗi, don muryar tasa ce sak. Da ta ɗauki wayar, babban yatsanta ya tura komai cikin zauren.

Tun daga lokacin ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Ko sunan da aka yi a maƙwabta da safe ba ta je ba.

Garzali ya zauna bakin tabarma, ya kai hannu ƙwarya, ta buge shi.

"Ƙara na kawo," in ji shi. "Ina raye, ina shan ƙurar alli don in rufa miki asiri, ashe kina nan kina zance da tsohon miji."

"Wane asirin ka rufa? Mijin da ko tsinken tsire bai taɓa shigo mini da shi ba?"

"Da wane haƙorin za ki ci?"

"Da wanda na tauna maka gyaɗa kana majina har baka."

Ya ce duk wannan borin kunya ne, gari ya riga ya ji gabanta na faɗuwa in ya yi sallama. Ta ce faɗuwar gaban tsoro ce, don ta san tukunyarta ya zo wa. Ya ce to ya sake ta, saki ɗaya. Ta ce ya ƙara biyu ya huta, akwai mai shago a Gafasa da ya daɗe yana aiko mata goro. Amma ba ta yi dariyar da ta saba ba. Ta juya ƙwaryar a cinyarta, ta ce a hankali ya cire ta daga zauren nan, ya sa lambar wani.

Garzali ya bar wasan. Ya ce ya goge saƙon da ya gani, sai dai wasu sun riga sun saurara. In kuma ta fita, babu mai karɓar saƙon Fadima, tunda ubanta na can cirani. Sannan ya ciro tasa wayar ya ce ta ji wani abu tukuna.

Muryar mace ce ta fito, a ɗarare, da kukan akuya a bayanta. Ummu Salma ce, matar mai gyaran keke. Ta ce ita ma haka take gyaɗa wa ɗanta kai, kunya ta hana ta faɗa. Wata ta biyo, sai wata, matan da tun da aka buɗe zauren ba su taɓa cewa uffan ba. Babu wadda ta yi dariya. Ɗaya ma cewa ta yi ita ma ta hanyar Kademi aka kawo ta.

Iya ta lumshe ido. Sai ta ga kamar matan na zaune kewaye da ita a inuwar nan, kowacce da ƙwaryarta, muryoyinsu na tsallake danga da gonaki suna sauka kan tabarmarta.

Garzali ya ce saboda haka daga yau duk shafin da ya ba yara, zai karanta shi da bakinsa ya tura. Uwa ta saurara, sannan ta saurari ɗanta, in ya kauce kunnenta zai kama. Ya kunna mata na yau. Ta ji shi yana karatu a nutse, yana jan ƙarshen kalma kamar yadda marigayin yake yi in yana lazimi bayan asuba. Ta sa ya maimaita. Da aka zo tsakiya ta ɗaga yatsa, ta ce nan ne Fadima ke tsallake wani abu, dama ta ji kamar da rami a wurin.

"Kin gani? Na mai da ke malama. Sauran ki gode wa mijinki."

"Ni na koya maka aikinka ina gyangyaɗi."

"To in cire ki?"

Ta kalli ganyen darbejiya da ke saukowa ɗaya bayan ɗaya. Can dariya ta ƙwace mata, har ta goge ido da bakin mayafi. Ta tura masa ƙwaryar gabansa gaba ɗaya.

"Bar ni a ciki. Ɗauki, na dawo ɗakina. Muryar kam tasa ce, Maigida, ba na musu. Kunnuwan nan ne dai ban san inda ka samo su ba."