Wayata, Talabijin ɗin Iya da Jawabin Sarkin Almakashi

Jama'a, ku taya ni yi wa Allah godiya. Ranar Asabar ɗin da ta wuce saura ƙiris aurena ya mutu tun ba a ɗaura shi ba, kuma abin da ya nemi kashe shi wani ɗan maɓalli ne a wayata da ya ce shi ba zai kunnu ba.

Da layin mai na fara yinin. Tun hantsi na kafa babur a wani gidan mai da galan a ɗaure a baya, ni da maƙwabcina Mato ɗan acaba, mutumin da ba ya iya tsayuwa a layi bakinsa a rufe. Rana ta take, layi bai matsa gaba ba, sai dai ya ƙara ƙiba ta gefe, saboda motoci masu baƙin gilashi da ke shigowa ta ƙofar fita. Ni dai ban ga laifinsu ba. Mutumin da ke sauri ya je ya yi mana aiki, ai rashin kunya ne a ce ya tsaya a bayanmu.

Mato ya dubi galan ɗina ya ce, "Uzairu, bumburutu ka fara ne?"

Na ce, "Tarai za ni. Janareton gidan su Jannatu zan zuba wa."

"Ikon Allah! Ba a ba ka ba tukuna, har ka fara ciyar da injin gidan. Ranar da aka ba ka kuwa, sai dai mu same ka kana yi wa awakinsu wanka."

Na ƙyale shi, don Mato bai san so ba. Jannatu ita ce wadda nake nema, kuma idan ta yi dariya sai in ji kamar an yi ruwan farko bayan doguwar bazara. Maganarmu ta yi nisa, saura mahaifinta, Malam Mika'ilu, ya ce in turo manya. To, a nan abin ya tsaya. Baba bai ce a'a ba, bai ce i ba. Kullum na durƙusa sai ya ce, "Allah ya yi albarka," ya miƙo min wayarsa in duba masa wani abu.

Ana cikin haka sai yayanta Lukman, da ke aiki a Fatakwal, ya samu 'ya mace, ya sa mata sunan kakarsu, Iya, wato Halimatu Sa'adiya. Ya aiko wa tsohuwar da talabijin irin na zamani, wanda ake haɗa shi da waya kai tsaye, ba igiya, ba data, abin da ke cikin waya ya fito a bango ƙato. Bidiyon jaririyar kuma ni ya turo wa, domin wayar Baba ta cika maƙil da jawaban manya, babu masaka tsinke a cikinta. An gwada nuna wa Iya a waya, ta kai ta har hanci, ta ce ita dai zani take gani da wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a ciki.

Jannatu ta ce min, "Yaya Uzairu, duk wanda ya nuna wa Iya takwararta a talabijin ɗin nan, ya gama da gidanmu. Baba ba ya ƙetare maganar Iya. Amma fa ya ce in ka kasa, gobe a kira Shamsuddeen."

Shamsuddeen kuwa mai gyaran waya ne a kasuwar Rano, mai turare da agogo, wanda na lura duk lokacin da aka ambaci Tarai sai ya gyara hula. Kun ga ke nan ba talabijin zan je haɗawa ba, rayuwata zan je haɗawa.

Mun kusa kaiwa famfo aka ce mai ya ƙare. Na saya wurin 'yan bumburutun da ke zaune a jikin katangar gidan man, waɗanda nasu bai taɓa ƙarewa ba, na kama hanyar Kibiya.

A hanya akwai wata mararraba da ba na wucewa sai na ɗaga hannu na yi gaisuwa. A nan ne Mai Girma Sarkin Almakashi, Gwanin Yanka Kirtani, Uban Tafi da Guɗa, ya kafa mana sandar wayifai, wato intanet, kyauta. Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfuna, an kawo kujerun roba har da masu riga, an ce daga yau manomi yana kan kunya zai san farashin masara a ƙasar Sin. Tun daga ranar, sandar ba ta taɓa ko ƙyaftawa ba. Amma kada a ce ba ta da amfani, ni ba na son zalunci. Mai rake yana fakewa a inuwarta, ana ɗaure mata tumaki ranar kasuwa, kuma tattabaru sun samu gidan sama ba haya. Ranar ma na ga an sake kafa rumfuna a gindinta, ban tsaya tambaya ba. Allah ya ƙara wa Mai Girma kaifin almakashi.

Na isa Tarai bayan la'asar. Baba yana zaune a zaure kan buzu, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na kwashi gaisuwa. Kafin in gama tambayar gona ya ce, "Yawwa, Uzairu, ka zo a daidai. Kunna min abin nan naka."

Abin nan nawa shi ne hosfot, wato ƙofar da waya ke buɗewa wasu su sha daga datarka. A da, saurayi goro yake kai wa surukai. Yanzu goro yana nan, amma an ƙara da wannan. Tun zuwana na farko wayar Baba ta haddace tawa, suna ganin juna sai su rungume. Na kunna masa jiki na rawa, ban ma tambayi abin da zai kalla ba, wa ya aike ni? Na tayar da janareto, na yi sallama ɗakin Iya, wanda ke jikin zauren.

"A'a, angon nawa ne?" in ji Iya. "Ka zo da tsarabata ko sai surutun littafi? An ce ka karance duniya. To ga akwati nan, fito min da takwarata."

Na ce, "Iya, yanzu-yanzu ma kuwa. Ki gyara zama."

Jannatu tana tsaye a bakin ƙofa, mayafi a ka, tana kallona irin kallon da ke sa mutum ya ji zai iya ɗaga dutsen Rano da hannu ɗaya. Na cire wa rimot ledar da aka naɗe shi da ita, talabijin ya kawo, ya nuna yana jiran waya. Na shiga wayata na taɓa maɓallin haɗawa. Ya yi shuɗi kamar zai yi abin kirki, sai ya koma toka. Na sake taɓawa. Ya sake komawa, ko uffan bai ce min ba.

Na yi murmushi na ce, "Yana ɗumama ne."

Iya ta ce, "Tuwo ne?"

Daga nan na shiga yin duk abin da na taɓa karantawa. Na kashe talabijin da rimot na kunna. Na zare talabijin daga wuta, na jira, na mayar. Na cire tanadin caji, don an ce yana hana abubuwa tashi. Na sa wayar a yanayin jirgin sama na fitar da ita, sai na ji Baba daga zaure yana cewa, "Af, ya tsaya!" Na yi maza na sake kunna masa abinsa, ya ce, "Yawwa, ya dawo." Na matsa da wayar jikin talabijin har suna gogar juna, kamar masu neman sulhu. Maɓalli dai toka. Gumi ya jiƙa min sabuwar shaddar da na ɗinka musamman, janareto kuma yana waje yana shan man da na yini a rana ina nema.

Na fita tsakar gida na kira Mato a waya.

Ya ce, "Ka kashe ka kunna?"

"Na yi."

"Ka ɗan buga masa a ƙeya?"

"Mato, talabijin ɗin surukai ne."

"To ka kira taro, ka yanka kirtani, ka ce ka ƙaddamar. In an tambaye ka yaushe zai yi aiki, ka ce an kafa kwamiti."

Na kashe wayar a kunnensa. Da na koma, Iya ta daina tsokana. Ta zuba wa farin gilashin ido, hannunta a kan gwiwa, ta ce a hankali, "Bar shi, ɗan nan, kada ka wahala. Ni dai da ma so nake in ga ko ta ɗauko goshin Malam, kakan ubanta. Idona kullum ƙara rufewa yake, ban san ko zai jira su zo da sallah ba."

Na yi maza na goge fuska da hannun riga. Ni mutum ne mai saurin hawaye, ko a littafi aka raba masoya sai na ajiye na share ido. Jannatu ta sunkuyar da kai. A bayan kunnena kuma kamar ina jin ƙamshin turaren Shamsuddeen yana tahowa daga Rano.

Sai muryar Baba ta sake tasowa daga zaure: "Uzairu, ɗan matso da wayar bakin ƙofa mana, yana sarƙewa!"

Nan take abin ya faɗo min a rai. Wayata irin waɗanda ba sa iya aiki biyu ce a lokaci ɗaya. Muddin tana shayar da wayar Baba, ba za ta kula talabijin ba. Maɓallin ba lalacewa ya yi ba, an riga shi ne. Na raɗa wa Jannatu, ta zaro ido ta dafe ƙirji.

"Kana nufin sai ka katse Baba?"

"Me yake kallo ne haka?"

"Jawabin Mai Girma ne kai tsaye. Wai yau ake sake ƙaddamar da sandar nan ta mararraba, an yi mata sabon fenti."

Ku duba wannan al'amari, jama'a. Ana can ana yi wa talakawa albishir da wayifai kyauta, talaka kuma yana nan yana sauraro da datar saurayin 'yarsa. Na kasa kunne, sai ga muryar Mai Girma tana fitowa daga zaure: "…kuma daga yau, in sha Allahu, babu wani ɗan yankin nan da zai sake…"

To yaya zan yi? Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi, wanda in na hango shi a hanya nake sauka daga babur, shi zan ce wa, Baba, sauka daga kan datata? Ai gara in koma gida a ƙasa.

Iya ta ce, "Me kuke ƙus-ƙus?" Jannatu ta yi mata bayani. Tsohuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Gajere ne ya tare hanyar?" Duk duniya ita kaɗai ke kiran Malam Mika'ilu da wannan suna. "Kashe shi. Ni na haife shi, na yaye shi yana kuka bai mutu ba. Wannan ma ba zai mutu ba."

"Iya, kunya…"

"Ni kake nema ko shi? Kashe!"

Na yi bisimilla, na rufe ido, na latsa. Muryar Mai Girma ta yanke a tsakiyar alkawari. Na tsaya ina jiran a kira sunana, a ce in ɗauki galan ɗina in kama gabana.

Sai na ji Baba ya yi tsaki mai tsawo, ya ce, "Ka ji mutanen banza! Ko jawabin nasu ma ba sa iya kaiwa ƙarshe. Wallahi na san sandar nan suka jona, shi ya sa ya mutu."

Ba a tambaye ni ba, kuma ba tarbiyya ba ce yaro ya gyara wa babba magana. Na taɓa maɓalli, ya yi shuɗi, ya zauna daram. Sunan talabijin ya fito, na latsa, sai ga jaririya ta cika bango, tana hamma, tana dunƙule hannu.

Iya ta miƙe ba sanda. Ta je har jikin gilashin ta shafa kumatun yarinyar da yatsa. "La ilaha illallahu. Goshin ne. Goshin Malam ne sak! Sannu, takwara. Sannu da zuwa." Tana dariya hawaye na zuba, Jannatu tana guɗa ƙasa-ƙasa, ni kuwa na juya wa bango fuska ina cewa hayaƙin janareto ne ya shiga min ido.

Hayaniyar ta jawo Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon jikarsa, sannan ya dubi mahaifiyarsa. Iya ta nuna ni da haɓa ta ce, "Gajere, wannan dai in ya ce zai kunna abu, yana kunnawa. Me kake jira da shi?"

Baba ya yi gyaran murya, ya dubi rufin ɗaki ya ce, "To, ai sai ya turo manyansa ranar Juma'a." Ya juya zai fita, sai ya waiwayo. "In kun gama, ka sake gwada min abin nan, ko sun gyara."

Na ce, "To, Baba. Amma ka san halinsu."

Saboda haka yau ba ƙorafi na zo yi ba, godiya na kawo. Ranka ya daɗe Sarkin Almakashi, shekara da shekaru kana gina sunan da in abu ya mutu ba a neman wani mai laifi, ga shi sunan ya yi min rana. A iya sanina wannan ne aikinka na farko da ya iso Tarai, kuma zan ba da shaida ko a gaban waye. Ranar ɗaurin aure akwai kujerarka, sai dai a bar almakashin a mota.

Ku kuma masu karatu, wanda ya haɗu da Malam Mika'ilu ya yi min rai ya kama bakinsa. Shafin nan kam ba na jin tsoronsa. Ba zai buɗe a wayar Baba ba sai na kunna masa.