Yadda Ake Koya wa Rariyar Imel Ta Haɗiye Manaja

Kai da saƙonnin manaja suka hana ka shan shayi da zafinsa, zauna. Hanyar nan tabbas ce. Mu'utaz ya gwada ta a wani ofishin fiton kaya da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya, yana cikin watannin gwaji, ana duba ko za a riƙe shi.

1. San rariyar

Akwai na'urar da ke tace imel ɗin ofis, tana zubar da na 'yan damfara da masu tallar maganin sanƙo. Wanda ya zille mata, ka tura shi wani adireshi, ta duba, ta koya. Injiniya Wa'il, mai kula da ita, ya gaji da roƙo: "Jama'a, ku riƙa turowa mana! Ba ta da malami sai ku." Ba mai turawa. Kai ka tura.

2. Fara da gaskiya

Basaraken da ya mutu ya bar maka gado, tura. Gidan bakin teku a rabin kuɗi, tura. Gaskiya jari ce, ana tara ta ne don ranar kashewa.

3. Cusa manaja a tsakiya

Dubi saƙon manaja, Ustaz Ramzi. GAGGAWA, da jan rubutu. AMSA YANZU. Ina bambancinsa da na basaraken? Saƙo ne da ba ka nema ba, daga mutumin da ke son wani abu a wurinka. Tura. Gobe ma tura. Mu'utaz bai tsallake ko na barka da Juma'a ba.

4. Sha shiru

Rariya ɗaya ce ga kowa, abin da ka koya mata kowa zai ci albarkacinsa. Ofis ya yi tsit. Aka dawo cin wake da burodi a zaune.

Ustaz Ramzi ya leƙo, jijiyar wuya a tashe. "Mu'utaz! Ba ka ga saƙona ba?"

"Wane saƙo, Ustaz? Ga akwatin, duba da kanka."

Ya duba. Wayam. Kada ka yi murmushi. Taya shi zagin kamfanin waya.

5. Kada ka je taron ma'aikata

Mu'utaz ya je. Ranar ce za a faɗi wanda aka riƙe. Injiniya Wa'il ya miƙe, fuska cike da annuri, bai san abin da rariyarsa ke ci ba.

"Ustaz, kafin ka yanke hukunci, yaron nan zinariya ne. Shi kaɗai ke turo shara. Kullum! Da sunansa a kan kowanne."

"Masha Allah," in ji Ustaz Ramzi. "Haska mana a bango, ragwayen nan su ga irin ƙazantar da yake kare mu daga gare ta."

Mu'utaz ya yi wuf: "Ustaz, ba sai an..."

"Kunya ce da shi. Haska, Injiniya."

Aka haska. GAGGAWA. GAGGAWA. Barka da Juma'a.

Togaciya

An yi maka alkawarin saƙon manaja zai daina zuwa, kuma ya daina: Mu'utaz bai ƙara samun ko ɗaya ba. Sauran abin da ya biyo baya, kai da Ubangijinka. Mai ƙorafi ya sami Mu'utaz a shagon kawunsa, yana tura rake cikin injin matsa. Wannan injin ba ya koyon komai, kuma bai san sunan kowa ba.