Dusar da Ta Kusa Binne Ni

Baturen da nake wa kuku a Kontagora ya tafi da ni duwatsun Afirka ta Kudu, inda ake sanyi a watan Yuli. Sabuwar dusar ƙanƙara yake nema, ya yi zamiya a kanta da katako a ƙafa.

Ya ce, "Kuku, ɗaura katako."

Na ce, "Ranka ya daɗe, don dusa? Ni da na tashi ina ba awaki?"

Na taka ta ba katako. A taku na uku na nutse har wuya. Ko'ina fari fat kamar likkafani. Na yi kalmar shahada, na kurma ihu, har Baturen ya jawo ni da sanda.

Da na dawo na ba matata labari. Har yau in ta ɗauko dusar awaki sai ta ce, "Malam, matsa baya."